Garejin gyaran silindar haidirolik da ya raba injina da yoyon mai a Katsina

Sau uku a cikin rani ɗaya aka sauya mini robobin sil, wato robobin da ke hana mai yoyo, na silindar bokitin injin haƙa da nake kula da shi, kuma duk sau ukun man ya sake ɓullowa ta wuyan silindar tun kafin a cika wata guda da gyaran. Injin irin mai nauyin tan 20 ne, wanda aka sayo na hannu kamar yawancin tsofaffin Caterpillar da Komatsu da ke aiki a jihar nan, kuma muna haƙar burji da shi a wani rami da ke gefen hanyar Katsina zuwa Daura, ba nesa da Mashi ba. Duk ranar da ya tsaya, tifofi sukan yi layi babu abin ɗauka, masu lodi da direbobi su koma gida hannu rabbana, ni kuma in ci gaba da sayen jarkar mai ta lita 20 wadda rabinta ƙasa ce take sha. A wannan hali ne wani direban gireda da muka daɗe muna aiki tare ya kwatanta mini wani gareji da ke bayan gari ta wajen hanyar Dutsinma, wanda ba a gyara komai a cikinsa sai silinda da tiyo da famfon haidirolik. Yanzu an yi watanni bakwai da gyaran da suka yi mini, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani a wurin, mai daɗi da marar daɗi.

Garejin ba shi da wani kyan gani daga waje. Fili ne mai katanga, da rumfar kwano doguwa, da tsofaffin silindoji jingine a bango, wasu na tifa, wasu na tantan, wasu na injinan haƙa. Maigidan dattijo ne mai ƙarancin magana, yana da yara huɗu ko biyar da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa. Da muka sauke silindar daga mota na miƙa masa sabuwar fakitin sil da na sayo a hanya, na ce a sa mini ita yau domin gobe in koma aiki. Ya karɓa ya ajiye a gefe bai ko buɗe ta ba, sannan ya ce, “Alhaji, ina tsofaffin da aka cire maka a baya?” Na ce an zubar da su a bakin rami. Ya ce to waɗanda ke ciki yanzu kada wanda ya jefar da ko guntunsu, domin su ne za su gaya masa abin da ke kashe su. Ban taɓa jin wani bakanike ya nemi ganin tsohuwar roba ba, kuma daga wannan tambaya na fara gane cewa aikin wurin ya sha bamban da wanda na saba gani.

Ba su kwance silindar a ƙasa ba. Sai da suka wanke bayanta tas da kananzir, suka ɗora ta a kan wani dogon teburin ƙarfe da aka kafe da siminti, suka ɗaure ta, sannan suka kwance murfin wuyan suka zaro sandar ƙarfen da ke shiga da fita a cikin silindar a hankali tana rataye da igiya don kada ta gogi bakin bututun. Notin da ke riƙe da fistin a irin wannan silinda ana ɗaure shi da ƙarfi mai yawan gaske, kuma a gyare-gyaren baya da guduma da kurfi aka riƙa bugunsa har gefensa ya lalace. A nan wata babbar sifana mai dogon hannu suka sa masa, wadda aka ƙera domin wannan aiki kaɗai. Bayan sun cire robobin sai maigidan ya jera su a kan farin kwali bisa tsarin da suke zaune a cikin silindar, ya kira ni in zo in gani.

Abin da ya koya mini a kan wannan kwali ya fi mini gyaran kansa amfani. A wuyan silindar, daga waje zuwa ciki, akwai roba ta farko mai share ƙura daga jikin sanda duk lokacin da take komawa ciki, sai babbar sil mai hana mai fita, sai wata a bayanta mai karɓar bugun matsi kafin ya isa ga babbar, sannan zoben da sandar ke zamewa a kansa domin kada ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A jikin fistin kuma akwai tasa sil da ke raba man ɓangarorin biyu, da nasa zobban. Ya ɗauki robar share ƙurar ya lanƙwasa ta, ta tsage nan take, domin ta bushe ta zama kamar ƙashi. Ashe a duk gyare-gyaren uku ba a taɓa sauya ta ba, ana mayar da tsohuwar ne saboda wadda ke zuwa a fakitin ba ta dace da gurbinta ba. A ƙasa irin tamu, inda hunturu ke cika iska da ƙura tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, kuma injin yana wuni a cikin ramin burji, wannan roba ita ce mai gadin ƙofa, idan ta mutu duk abin da ke bayanta ya shiga uku. Sai ya nuna mini leɓen babbar sil ɗin, wanda yake cike da ƙananan zane-zane a tsaye, ya ce wannan aikin yashi ne da kuma tabon da ke jikin sanda. Ya juya ta ya nuna mini bayanta, inda gefen ya gutsuttsure kamar ɓera ya ci, ya ce wannan kuma alama ce ta cewa zoben ya cinye, rata ta buɗe tsakanin sanda da wuya, matsi yana tura robar cikin ratar yana yankarta. Gutsurewar kuma ta fi yawa a gefe guda, abin da ya sa ya ce yana zargin sandar ta karkace.

Domin mai karatu ya fahimci ƙarfin da ake magana a kai, injin haƙa na wannan aji yana aiki da matsin da ya kai kimanin bar 350 a ma'aunin matsi, wato nauyin kusan kilo 350 a kan kowane murabba'in santimita, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba. Roba ce mai kaurin da bai kai ɗan yatsa ba take tare wannan ƙarfi, kuma ba za ta iya ba sai idan ƙarfen da ke kewaye da ita yana daidai. Maigidan ya ƙara mini da wasu alamu da ba su shafi tawa silindar ba, amma yana ganinsu kullum. Idan roba ta kumbura ta yi laushi, an zuba man da bai dace da ita ba. Idan ta yi yanka guda mai tsabta kamar da reza, wajen sawa aka ji mata ciwo, galibi a kan zaren noti ko da bakin sukundireba. Idan ta ƙone ta yi baƙi a wuri guda, iska ce ta shiga mai, matsi ya matse ta har ta kama wuta a ciki kamar yadda gas ke kamawa a injin dizal. Idan kuma ta marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli, ruwa da zafi ne suka haɗu a kanta, musamman idan irin robar foliyuritan ce, wadda aka fi yin sil ɗin sanda da ita.

Daga nan suka koma kan sandar. Sun ɗora ta a kan wasu ƙarafa biyu masu gurbi, suka kafa agogon awo a tsakiyarta, wani yaro yana juya ta a hankali, allurar agogon tana hawa tana sauka. Karkacewar ba ta kai yadda ido zai gani ba, amma allurar ta nuna ta ƙarara. Maigidan ya kama hannuna ya ce in bi jikin sandar da farce. A wurare biyu farcena ya maƙale a wasu ƙananan ramuka da suka huda farin kurom ɗin da aka lulluɓe sandar da shi, kuma ƙa'idarsa ita ce duk tabon da ya kama farce zai yanki roba. Ya tambaye ni ko an taɓa yin walda a jikin bokitin, na ce an yi, sau da yawa ma. Ya ce idan mai walda ya maƙala wayar ƙasa a jikin injin nesa da inda yake aiki, wutar takan bi ta cikin silinda ta yi tartsatsi tsakanin sanda da wuya, ta bar irin waɗannan ramuka, don haka kullum a maƙala ta a jikin bokitin kansa, dab da wurin waldar. Ya kuma lura da inda wani ya goge sandar da samfefa mai kaushi a gyaran baya, ya ce hakan bai cike ramin ba, sai dai ya ƙara cinye kurom ɗin da ke kewaye da shi. Hukuncinsa shi ne ko sil ɗin zinariya aka sa a kan wannan sanda ba zai yi wata biyu ba.

A nan ne kuma gazawar garejin ta farko ta bayyana. Ba su da kayan sake lulluɓe sanda da kurom, don haka zaɓi biyu ya ba ni, ko a nemo tsohuwar sanda mai lafiya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a sayo sabon ƙarfe wanda ya zo da kurom ɗinsa a yanka shi daidai tsayi, a fitar masa da zare a injin tana mai sassaƙa ƙarfe, a yi masa waldar kan da fil ke shiga. Na zaɓi na biyun. Ya ce mini kwana huɗu, amma sai da aka yi kwana goma sha ɗaya, domin ƙarfen da aka fara kawowa kaurinsa bai yi daidai ba aka mayar da shi. Ban ga laifinsa a kan mayarwar ba, gara haka da a sa mini abin da bai dace ba. Inda na ga laifinsa shi ne rashin sanar da ni. Sau da dama na kira wayarsa tana hannun yaro, yaron kuma ba ya faɗin komai sai “Oga ya ce in sha Allahu gobe.” Mutumin da injinsa ke tsaye yana bukatar a gaya masa gaskiyar kwanakin domin ya san ko zai yi hayar wani, kuma da na san za a kai haka da na yi hakan tun ranar farko.

Fakitin sil ɗin da na zo da ita bai yi amfani da ita ba. Ya buɗe ta a gabana ya nuna mini cewa robobin sun fara bushewa tun suna cikin leda, domin irin waɗanda ake ratayewa a bakin shago ne rana tana dukansu, kuma hasken rana da zafi suna tsofar da roba ko ba a taɓa sa ta a inji ba. Nasa yana ajiye su ne a cikin akwatin ƙarfe a wani ɗaki mai duhu, kowace da awonta a rubuce. Bai dogara da lambar da ke jikin leda ba, sai da ya auna gurbin kowace roba da ma'aunin kaliba, faɗi da zurfi, kafin ya zaɓa. Na tambaye shi ko ba gara a sa mini irin robar da ake kira Viton ba, tunda na ji ana cewa tana jure zafin da ya kai digiri 200. Ya ce gaskiya ne tana jure zafi fiye da robar naitiril, wadda iyakarta ba ta wuce digiri 100 da kaɗan ba, amma a wuyan silindar injin haƙa juriyar gogayya da matsi ake bukata, kuma a nan foliyuritan ta fi ta. Ya ce idan man injina yana zafin da har sai an nemi Viton, to mai sanyaya man ya kamata in gyara.

Ranar haɗawa na zauna na kalli aikin daga farko har ƙarshe. A cikin ɗaki suka yi shi, ƙofa a rufe, ba a filin da iska ke kaɗawa ba. Sun naɗe zaren sandar da salatif domin kada ya yanki roba wajen wucewa, sun shafe kowace sil da man haidirolik mai tsabta, kuma babu wanda ya kusanci roba da sukundireba, da wasu 'yan sanduna na leda masu santsi suke tura ta gurbinta. Sil ɗin fistin irin mai tauri ce ta tefulon, wadda ba ta miƙewa da sauƙi, sai suka jiƙa ta a ruwan zafi ta yi laushi, suka sa ta, sannan suka matse ta da wani zobe har ta koma girmanta kafin su tura fistin cikin bututu. Na ga maigidan ya tsayar da wani yaro da ya kusa juya babbar sil ɗin baibai, ya nuna masa ba tare da tsawa ba cewa leɓen kullum yana fuskantar inda man yake, domin matsin ne ke buɗe shi ya manne da sanda. Bututun kansa sun haska cikinsa da tocila sun ga ba shi da zane mai zurfi, don haka gogewa kaɗan suka yi masa suka wanke.

Akwai wani abu da ya ƙara masa daraja a idona. Na gaya masa cewa babban hannun injin yakan sauka da kansa a hankali idan an ɗaga shi an bari, na kuma ce tunda aiki ya zo, a kwance silindojin hannun guda biyu a sauya musu sil gaba ɗaya. Kuɗi ne na kai masa har gida, amma ya ƙi karɓa sai ya gwada. Ya ce saukar hannu ba kullum take zama laifin sil ɗin fistin ba, sau da yawa bawul ɗin da ke riƙe da man ne yake sakinsa. Ranar da suka zo mayar da silindar bokitin a bakin rami, ya sa direba ya miƙar da silindojin hannun har ƙarshe, aka kashe inji aka sauke matsi, ya cire tiyon ɓangaren sanda ya toshe shi, sannan aka tayar da inji aka ci gaba da tura mai ta ƙasa. Da sil ɗin fistin ya lalace, da mai ya kwararo ta bakin da aka buɗe, amma 'yan ɗigo kawai muka gani. Ya ce silindojin lafiyarsu ƙalau, matsalar tana bawul, shi kuma ba ya taɓa babban bawul na injin haƙa domin ba shi da kayan gwada shi, ya kwatanta mini wanda ke yi.

A wannan rana ce kuma ya duba man da ke tanki. Ya ɗiba a kwalba ya ɗaga wa rana, ya ga ya yi duhu kuma yana ƙauri, ya tambayi direba abin da ake ƙarawa idan mai ya ragu. Direban ya amsa cewa wani lokaci idan jarka ta ƙare sukan cika da duk man da aka samu a kusa, har da na inji. Ya ce a zubar da shi duka, a wanke tanki, a sauya filta, a zuba mai lamba 68 wanda ya fi dacewa da zafinmu fiye da mai lamba 46, kuma a sayo shi a rufe, ba daga buɗaɗɗen duro da ake aunawa a bakin titi ba. Ya bayyana cewa ido ba ya ganin ƙwayar datti da ta gaza maikiron 40 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali waɗanda suka fi haka ƙanƙanta su ne suke cinye roba da famfo, saboda haka mai yana iya yin kyau a ido ya kasance cike da yashi. Ya leƙa mai sanyaya man ya tarar ƙura ta toshe ramukansa, ya ce a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, man da ba ya samun iska yakan wuce digiri 80, kuma daga nan roba take fara bushewa. Da ya ga yaron direban yana shafa tiyo da tafin hannu yana neman inda ke yoyo, a nan ne kaɗai na ji ya ɗaga murya. Ya ce, “Kai yaro, janye hannunka!” Sannan ya yi masa bayani cewa man da ke fita ta ƙaramin huji da irin wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, ciwon ya yi kamar tsinin allura a waje alhali yana iya kai wa ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti ba, don haka da guntun kwali ake neman yoyo.

Game da kuɗi, abin da na biya ya kusa ninka abin da nake biya a kowane gyara na baya sau uku, kuma mafi yawansa kuɗin sabuwar sandar ne. Ladan aikin nasa ya fi na sauran tsada, ba ya kuma yin ragi sosai. Sai dai idan na haɗa gyare-gyaren banza guda uku da man da ya zube da kwanakin da injin ya tsaya, nasa ne mai arha. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ba ya ba da rasit mai bayani. A baki ya faɗa mini kuɗin sanda da na robobi da na aiki, ya kuma yi alkawarin cewa idan ta yi yoyo cikin wata uku zai sake gyarawa kyauta, amma babu ko ɗaya a rubuce. Ni na yarda da shi, sai dai wanda yake kula da injin kamfani ko na ma'aikata yana bukatar takardar da zai nuna wa na gaba da shi, kuma na san rashin wannan takarda yana hana shi samun manyan ayyuka da ya cancanta. Haka nan ba shi da injin gwada silinda a kan cikakken matsi kafin ta bar gareji. Da ƙaramin famfon hannu yake gwadawa, gwajin gaske kuma sai an mayar da ita jikin inji, wanda ke nufin idan an yi kuskure sai an sake kwancewa an dawo da ita gari.

Wanda yake gaggawa, yana son a cusa masa roba ya koma aiki kafin la'asar, wannan gareji ba zai yi masa daɗi ba, kuma na ga wani mai tifa da ya ɗauke silindarsa ya tafi a fusace saboda an ce masa bututun ya zane sai an gyara. Amma mai tantan ko tifa ko injin haƙa da ya gaji da sauya sil wata-wata, ina ba shi shawarar ya nemi irin wannan wuri, ya tafi da tsofaffin robobinsa da ɗan man tankinsa a kwalba, ya kuma nemi a faɗa masa kwanakin aiki tun a farko a ƙara da kwanakin jiran kaya. Tun da aka mayar da silindar, injin ya ratsa ƙarshen bazara da damina gaba ɗaya a cikin laka, wuyanta a bushe yake, sai ɗan danshin mai a jikin sanda wanda maigidan ya ce dole ne ya kasance domin shi ke shafe robar. Direban ya riƙe abin da aka gaya masa, yana goge sandunan da tsumma kafin ya tayar da inji da safe, da yamma kuma yana ajiye shi sandunan a ciki gwargwadon iko. Jak ɗin ɗaya daga cikin tifofinmu ya fara jiƙewa a gaɓarsa ta biyu, kuma na riga na gaya wa direbanta cewa kafin hunturu ya shigo za mu kai shi can, kada ya bari kowa ya taɓa shi kafin nan.